Jan Tirelar Kwana a Bayan Mota: Jagora Ga Sabon Shiga

Idan ka ce "tirela" a Zariya, abin da zai faɗo wa mutum a rai shi ne manyan motocin da ke jere a Kwangila da Ɗan Magaji, masu ɗaukar siminti da taki. Ba su nake nufi ba. Wadda nake magana a kanta ɗaki ce mai taya, da gado da wurin girki da ɗan banɗaki a ciki, ana maƙala ta a bayan mota a ja. Wasu na ce mata karaban. Ba ta da yawa a ƙasar nan, amma tana shigowa cikin kayan Beljiyam da na Amurka, kuma masu sayenta sanannu ne: mai babbar gona a wajen Soba ko Giwa da ke son kwana kusa da amfaninsa lokacin kaka, masu binciken noma da dabbobi da ke yin makonni a ƙauye, da mai sha'awar ɗibar iyalinsa zuwa Yankari. Abin da zan faɗa kuma ya shafi mai jan tirelar dawaki ko ta babban janareta, domin dokar nauyi ɗaya ce.

Sabon shiga yakan fara da tambayar ko injinsa zai iya ja. Zai iya. Ko ƙaramar mota za ta motsa tan biyu a kan kwalta mai kyau. Wahalar tana wajen tsayar da abin da ka ja, da hana shi yi maka rawa a baya, kuma duka biyun tun a gida ake shirya su, kafin a tayar da mota.

Fara da lambobi

Buɗe littafin motarka, ko ka duba ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin ƙofar direba ko cikin bonet. Abu uku kake nema: iyakar nauyin da motar za ta ja, iyakar nauyin da zai iya danna ƙwallon ja na baya (dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke zama a kansa), da jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. Hilux, gwargwadon shekara da samfuri, tana iya jan har kilo 3,500, wasu ƙasa da haka, idan tirelar na da birkinta, Land Cruiser babba kuma 3,500. Idan tirelar ba ta da birki, kusan duk motocin nan iyakarsu kilo 750 ne, komai girman injinsu. A jikin tirelar ma akwai irin wannan allo kusa da ƙofa ko a kan ƙarfen gaba, ya nuna nauyinta babu kaya da kuma iyakar nauyinta da kaya.

A Ingila ana ba sabon direba shawarar kada nauyin tirela da kayanta ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar babu kaya. Wato idan motarka kilo 2,000 ce, ka tsaya a 1,700. Ba doka ba ce, amma ni a hanyoyinmu masu rami da gefen kwalta da ya zaizaye, ko kaɗan ba zan haura wannan ba. Idan abin da ke baya ya fi abin da ke gaba nauyi, shi ne ke tuƙin, kai dai kana riƙe da sitiyari ne kawai.

Tsakanin lambobin nan biyu na jikin tirela, tazarar ba ta da yawa. Irin ta Turai sau da yawa kilo 150 zuwa 250 kawai aka bar wa kaya. Yi lissafi da kanka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to jarka huɗu masu lita 25 sun cinye kilo 100. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan ta cika, da ƙarfenta, ta kai wajen kilo 25. Ga janareta, ga buhun shinkafa, ga tukwanen uwargida. Kafin ka sa darduma ka riga ka wuce iyaka. Kaya masu nauyi su shiga cikin motar, a gaban tayoyin baya idan da hali.

Ƙarfen ja da ƙwallonsa

A nan ne nake roƙon ka bar araha. Za ka samu mai walda a Sabon Gari ko Tudun Wada da zai ce yanzu-yanzu zai liƙa maka ƙarfe a bamba. Aikinsa na ƙofa da taga yana iya zama mai kyau, amma bamba ba a yi ta don ja ba. Ƙarfen ja na gaskiya da noti ake ɗaure shi a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya tanada, kuma yana ɗauke da tambarin nauyin da zai iya.

Sai girman ƙwallon. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka da inci ake aunawa: akwai inci 2, wanda ya ɗara na Turai da ƙasa da milimita ɗaya, akwai kuma inci 2 da 5/16 na manyan tireloli. Da ido ba za ka bambance na farko da na Turai ba. Mafi haɗari shi ne ka ɗora bakin tirela mai 2 da 5/16 a kan ƙwallo mai inci 2. Zai zauna, zai yi kamar ya kama, sai ka hau tudun rage gudu na farko ya yi tsalle ya fita. An buga girman a saman ƙwallon da kuma a bakin tirelar. Goge tsatsar ka karanta.

Wani abu da bakanikenmu ba su saba da shi ba: wasu tirelolin Turai suna da baki irin na AL-KO, mai wasu ƙananan faya-fayai a ciki da ke matse ƙwallon don rage rawa. Irin wannan busasshen ƙwallo yake so, babu giris babu fenti. Yaron gareji da ya ga ƙarfe na gugar ƙarfe zai shafa masa giris da kyakkyawar niyya, ya kashe amfanin abin. Ka tsaya a kansa.

Birki ma iri biyu ne. Na Turai da kansa yake kamawa: idan ka taka birkin mota, tirelar ta turo gaba, wannan turin ne ke jan birkinta. Na Amurka mafi yawa na lantarki ne, sai an sa wata ƙaramar na'ura a gaban direba. Idan ba ka da na'urar, tirelarka ba ta da birki ke nan, ko da kuwa sababbi ne a tayoyinta. Haka soket ɗin wuta: na Turai mai baki 7 ne ko 13, na Amurka wani tsari ne daban, fitilar birki da ta sigina a waya ɗaya suke. Nemi mai wayarin da ya san aikinsa, kada a yi maka ɗaure-ɗauren salatif.

Af, idan daga Ingila aka kawo ta, ƙofarta a hagu take, domin su ta hagu suke tuƙi. Mu tun 1972 muka koma dama. Ma'ana idan ka tsaya a gefen hanya, ƙofar ta ɓangaren motoci za ta buɗe. Ka gargaɗi yara. Idan kuma ta Amurka ce, kayan wutarta na ƙarfin lantarki 120 ne, namu 230, sai da taransifoma.

Taya

Tirelar da ta shekara biyar a ajiye a wani fili a Turai, tayarta za ta zo da zane kamar sabuwa, alhali robar ta mutu. Duba gefen tayar, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Idan ta haura shekara biyar, canja ta, kada ka tsaya kallon zane. Kwaltar Zariya zuwa Kano a watan Afrilu ba ta tausayin tsohuwar roba. Sayi mai ɗaukar nauyi irin ta motocin kaya, ka sa iska daidai da abin da aka rubuta, da safe kafin taya ta yi zafi. Mai faci yakan buga taya da ƙarfe ya ce ta yi. Ka sayi ma'aunin iska naka. A kwance boris a wanke a sa sabon giris. Ka tabbata kana da safaya, da jak da sifanar da suka dace da tirelar, domin na mota ba lallai su yi ba.

Lodi: inda aka fi yin kuskure

Bari in ba da labarin kaina. Tafiyata ta biyu da tirela, mun nufi Kaduna. Na ga bayan motar ya ɗan zauna, sai na yi dabara: na kwashe janareta da jarkokin ruwa na mayar can ƙarshen tirelar. Mota ta miƙe tsaf, na ji daɗi. Mun wuce Jaji kaɗan, ina kan tamanin da wani abu, wata tankar mai ta wuce ni. Sai na ji bayan motar ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu fiye da farko. A madubi ina ganin gefen tirelar yana leƙowa yana ɓuya. Ƙafata ta nufi birki. Wani dattijon direba da ke zaune a gefena, wanda ya yi shekaru yana jan manyan motoci, ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙafarka daga totur kawai. Riƙe kan motar a miƙe. Kar ka bi ta." Sannu a hankali rawar ta lafa. Da muka tsaya ya buɗe ƙofar tirelar ya ga inda na jibge kayan, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ka taɓa ganin an ɗora wa jaki mangala a kan wutsiya?"

Ga abin da ke faruwa. Tirela kamar sikeli take, tayoyinta ne tsakiya. Idan nauyi ya koma baya, bakinta sai ya yi sauƙi, har ya riƙa ɗaga bayan motar, tayoyin baya su rage kama ƙasa. Kuma kaya mai nauyi a can ƙarshe kamar dutse ne a bakin igiya, da ya fara lilo ƙaruwa yake yi. Idan kuma ka cika gaba da yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa.

Tsarin shi ne: masu nauyi a ƙasa, a kan daɓe, daidai saman tayoyin ko gaba da su kaɗan. Matsakaita a ƙasa su ma, a rarraba. Akwatunan sama na tufafi ne da barguna kawai. Hagu da dama su yi daidai. A ɗaure komai, domin tukunyar gas da ta kwance a hanya tana iya fasa bango. Tankin ruwa ko dai a cike ko babu komai; rabin tanki yana kai-kawo yana tura tirelar. Ni babu komai nake tafiya da shi, in cika idan na isa.

Daga nan ka auna nauyin da ke danna ƙwallon. Irin ta Turai ana son kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 1,500 ta danna da kilo 75 zuwa 105. Irin ta Amurka kashi 10 zuwa 15, shi ya sa manyansu ke buƙatar wasu sandunan ƙarfe masu raba nauyin zuwa tayoyin gaba. Awon ba wuya: ajiye tirelar a fili mai daidai, sa mata waigi, ɗauko sikelin awon mutum ko na 'yan hatsi, yanko katako da zai kai bakin tirelar daidai tsayin ƙwallon motarka, ka sauke bakin a kansa a hankali. Idan ya gaza, matso da kaya gaba. Idan ya haura iyakar motar, ja su baya kaɗan zuwa saman taya. Idan an haɗa, ka koma nesa ka duba: tirelar ta kasance a miƙe, ko bakinta ya ɗan sunkuya. Kada ya ɗaga sama.

Mutum ba ya zama a cikin tirela tana tafiya. Yara za su yi ta roƙo, a hana su.

Haɗawa

Yi shi da tsari ɗaya kullum, kuma idan wani ya katse ka da gaisuwa, koma farko. Ɗaga bakin tirelar da ƙaramar tayar gaba mai hannun juyawa har ya fi ƙwallon tsayi. Yi ribas a hankali, wani na nuna maka. Sauke bakin, kulle shi, sa fil ɗinsa. Sannan ka sake juya hannun kamar za ka ɗaga: idan bayan motar ya biyo shi sama, ya kama. Naɗe ƙaramar tayar har ƙarshe ka ɗaure ta. Maƙala siririyar wayar birkin gaggawa a jikin ƙarfen ja, ita ce za ta ja birkin tirelar idan ta tsinke. Idan mai sarƙa biyu ce, gicciya su a ƙarƙashin bakin, yadda idan ya faɗo zai sauka a kansu, ka bar musu sakin da zai isa kwana amma kada su ja ƙasa. Sa soket. Naɗe ƙafafun kusurwa huɗu. Rufe gas, tagogi da murfin rufi. Saki birkin hannu na tirelar, cire waigi. Wani ya tsaya a baya ka gwada birki, sigina biyu da fitilar dare. Kuma idan tirelar ta fi motar faɗi, sai da ƙarin madubi. Idan ba ka hango kusurwarta ta baya ba, makaho kake.

Koyo kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Samu fili babba, irin filin makaranta ranar hutu, ka jera jarkoki ka yi ta zagaya su. Abin da za ka fara lura shi ne tayoyin tirela ba sa bin sawun na mota, suna yanke kwana ta ciki. Don haka ka shige gaba kaɗan kafin ka karya, ka buɗe kwanar. Bayanta kuma yana fita waje ta ɗaya gefen, a nan ake kwashe mai acaba ko teburin mai lemo. Lungunan cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa kasuwa, ba wurin sabon shiga ba ne. Haka unguwar PZ da yamma. Auna tsayin tirelar ka rubuta a takarda ka liƙa a gaban sitiyari, saboda wayoyin wuta da suka sauko, rassan mangwaro da rumfar gidan mai.

Ribas shi ne ke kunyata mutum a gaban jama'a. Dabarar: sa hannunka a ƙasan sitiyari. Inda kake son bayan tirelar ya nufa, can za ka kai hannun. Kaɗan-kaɗan, a tafiyar da ba ta fi ta ƙafa ba. Da ta fara karyawa, ka soma warwarewa, kada ka jira. Idan ta lanƙwashe da yawa har tana neman haɗuwa da gefen mota, tsaya, ja gaba ka miƙe, ka sake. Ko sau goma ne ba laifi. Ka shirya shigarka yadda za ta karya ta hagu, ɓangarenka, inda kake gani da idonka. Mai nuna maka mutum ɗaya ne tak, ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, in ya ɓace ka tsaya cak. Da ka fara ribas a Zariya mutum bakwai za su taru, wannan na cewa "zo, zo", wancan na cewa "karya duka". Gode musu, ka saurari naka.

A kan hanya

Dokar hanya ta ƙasa ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, manyan tireloli da tankoki 60. Kai da ke jan ɗaki, ka ɗauki kanka a sahun manyan. Tsakanin 60 da 70 nake tafiya, ko hanya ta yi kyau kamar tabarma, domin rawar tirela da gudu take zuwa. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ninka ta. Za a riƙa shiga cikin tazarar, ka sake buɗe wata.

Idan babbar mota za ta wuce ka, iskarta tana fara tura ka waje, sannan ta zuƙo ka ciki. Ka gan ta tun a madubi, ka ɗan matsa dama, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka sassauta totur. Rami kuwa, gara ka rage gudu ka shige shi a miƙe da ka yi masa kaucewar gaggawa. Kaucewar da mota za ta shanye, tirela ba za ta shanye ba. Idan rawa ta fara, ka ji abin da dattijon nan ya ce. Mai birkin lantarki yana da ƙarin makami: ya matsa hannun na'urar a hankali, birkin tirela kaɗai ya kama, sai ta miƙe a bayan motar.

Mai zuwa Yankari ta Pambeguwa da Saminaka zai hau tudun Jos, daga baya ya gangara zuwa Bauchi. A hawa, sauko da giya tun injin bai fara nishi ba, idonka a kan allurar zafi, kashe na'urar sanyaya mota idan ta fara ɗagawa. Mota mai giyar otomatik tana dafa man giyarta a irin wannan aiki, ka canja shi kafin tafiya, kuma ka hana ta shiga giyar ƙarshe. A gangara, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Taka birki da ɗan ƙarfi ka saki ya huce. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama zai isa ƙasa da wari da hayaƙi.

Bayan kilomita talatin ko hamsin na farko, nemi wuri mai faɗi ka tsaya. Bi notin taya da sifana, taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba komai, amma idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, boris ne ko birki ya maƙale. Leƙa ciki ka ga ko kaya sun gusa. Mai zai sha fiye da yadda ka saba, kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi. Tafiyar rana kawai, ka tashi bayan asuba, ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar. Lokacin hunturu idan hazo ya sauko, ka jira ya ɗaga. Takardun kwastan na tirelar da na motar su kasance a kusa, kuma ka je ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da na VIO tun kafin tafiyar farko, ka ji abin da ake buƙata na lamba da ajin lasisi gwargwadon nauyinta. A shingen bincike za a so a leƙa ciki, wani don aiki, wani don bai taɓa ganin gado a bayan mota ba. Ka ajiye mabuɗin ƙofar a aljihu.

Idan ka isa

Sauka ka taka wurin da ƙafa kafin ka shigar da ita. A watan Agusta jar ƙasar gona tana yaudara, sama a bushe, ƙasa kamar kunu, kuma tirelar da ta nutse sai tarakta. Ka ajiye ta bakinta na kallon hanyar fita. Ja birkin hannu, sa waigi gaba da baya, sannan ka kwance ta daga mota. Idan gefe ɗaya ya fi ƙasa, hau da tayar wannan gefen kan katako; gaba da baya kuma da ƙaramar tayar ake daidaitawa. Kwanon ruwa a tsakar daɓe ya isa ya nuna maka inda ta karkata. Ƙafafun kusurwa don hana girgiza aka yi su, idan ka ɗaga tirelar da su za su lanƙwashe, kuma kowace tana son guntun katako a ƙarƙashinta don kada ta lume.

Janareta a ajiye shi nesa, bakin hayaƙinsa na kallon inda iska ke tafiya, kada ya zauna ƙarƙashin taga. Sanyin Disamba a bakin fadama zai sa wani ya ce a shigo da kaskon gawayi. Ɗakin ƙarami ne kuma a toshe yake, iskar gawayi ba ta da wari, masu barci ba sa farkawa. A ƙara bargo, a bar ƙananan ramukan shan iska na ƙasa da na rufi a buɗe, ko da sauro ya sa ka sa musu raga.